Aron Uwar Maƙera

Jikana ya buɗe maƙera a makon jiya, kuma abin da ya tsaya mini a rai tun ranar shi ne yadda ya haɗa ta tsakanin hantsi da la'asar. Da safe ya shigo ɗakina ya gaishe ni, ya ce zai shiga kasuwar Funtuwa ya haɗo kayan aiki, jarin ba yawa, abin da ya samu da shi zai fara. Na ce Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da shan kununa. Kafin a kira la'asar sai ga babur mai ƙafa uku a ƙofar gida, an labta masa kaya: dunƙulen ƙarfe daga wurin 'yan gwangwan wanda za a riƙa dukan aiki a kai, da tsohon injin wasa wuƙa, da guduma biyu, da buhun gawayi, da wata zuga da mai walda ya haɗa masa da ƙafar keke, ana juya ta da hannu ɗaya tana hura wuta kamar ba gobe. Na fito da sandata na zagaya kayan. Na ce, "Shi ke nan? An gama?" Ya yi dariya ya ce, "An gama, tsoho. Me ya rage? Ko kishi kake yi?" Na duba, na sake dubawa, wallahi ba abin da ya rage. Yaron ya yi dabara, bai ɓarnatar da ko kwabo ba, kuma wuƙaƙen da ya fara fitarwa ba su da laifi. Amma na koma ɗaki na zauna, abin da ke raina na rasa wanda zan gaya wa.

A ƙauyen da na tashi, can tsakanin Bakori da Malumfashi, ba a gane gari ya waye sai an ji abu biyu: luguden mata a turmi, da amon masaba daga maƙerar Kawuna. Zugazugin fata yana numfashi, fuu-fa, fuu-fa, masaba tana amsa masa a kan uwar maƙera, wato ƙarfen nan da ake kafawa a kututture ana dukan aiki a kansa. In mai zuga gwani ne, har kiɗa yake yi da ita, mai wucewa da kaya a kai ya samu kansa yana taka rawa bai sani ba. Gab da damina manoma kan cika rumfar da fartanyoyi da garemani, kowa na cewa nasa za a fara yi, a nan za a ji wa ya yi baiko, wa rijiyarsa ta ƙafe, wace gona ce aka yi rikicin iyaka a kanta. Da kaka kuma sai lauje da magirbi, ana biyan maƙeri da damin dawa. Yanzu muna zaune a gari, ƙauyen ma rabin mutanensa sun taso saboda rashin kwanciyar hankali, kuma in jikana ya tayar da injinsa ko sallama ba a ji, balle hira. Wanda ya kawo aiki sai ya miƙa, ya nuna da yatsa, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ni ɗan mace ne a gidan ƙira. Mahaifina manomi ne tsantsa, bai san kan awartaki daga gindinsa ba, mahaifiyata ce 'yar maƙera. Tun ban fi tsayin turmi ba nake gudu daga gona in tafi rumfar Kawu, yayan mahaifiyata, in zauna a bakin zuga har hannuna ya yi kanta. 'Ya'yansa suna kirana ɗan haye, wai su suka gada ni kuwa hayewa na yi, kuma ba ƙarya suka yi ba, don a al'adarmu ɗan mace ba ya gadon uwar maƙera ko da ya fi kowa iya dukanta. Kawu mutum ne mai tsadar magana, gajere, baƙi, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Bai taɓa ce mini na iya ba. In na yi aiki ya yi kyau sai ya juya shi a hannu ya ajiye ya ɗauki goronsa, in bai yi kyau ba sai ya jefa shi cikin wuta ba tare da ya dube ni ba. Abin da yakan faɗa kawai shi ne, "Ƙarfe ba ya rufa wa maƙeri asiri. Ka yi masa ƙarya a rumfa, ya faɗa a kasuwa."

Da na yi aure sai lissafi ya canza. Gonarmu 'yar ƙarama ce, mu kuma 'yan'uwa da yawa, ba yadda za a yi ta ciyar da wani sabon gida. Sa'o'ina duk sun fara gangarawa Funtuwa dakon auduga a gidan gurza, su tafi da kaka, wasu su dawo da bazara, wasu kuma garin ya haɗiye su sai dai labari. Ni ba na son tafiya. Ina da amarya wadda ba ta daɗe da tarewa ba, 'yar siririya mai ɗan karen tsiwa, har yau ba na faɗin sunanta, kuma ko kasuwar Bakori na tafi sai in ji kamar na yi shekara. Rumfar Kawu kuwa ta cika da 'ya'yansa, ba wurin da zan tsuguna in ce nan nawa ne. Sai na cire kunya wata ranar Juma'a bayan an sauko, na same shi a zaure na durƙusa.

Na ce, "Kawu, so nake in kafa tawa. Wuƙaƙe zan riƙa yi, ba zan taɓa muku garma da fartanya ba."

Ya daɗe yana tauna goro. Ya ce, "Da me?"

Na ce, "Da abin da Allah ya hore."

Ya ce, "Allah ya hore maka hannu, na gani. Saura uwa." Sannan ya ce, "Akwai ta kakanka a ɗakin baya, tun da ya rasu ba a doke ta ba. Aro zan ba ka, ka ji da kyau, aro. Daga yanzu zuwa jajibirin layya. Ran nan zan zo da jakina. In na tarar da wuƙar da zan iya miƙa wa mahauci ban sunkuyar da kai ba, to. In ban tarar ba, in ɗora kayan ubana in dawo da shi, kai kuma ka bi 'yan'uwanka Funtuwa, kada ka ɓata wa gidanmu suna."

A shekarar layya ta faɗo ne bayan an gama ɗibar auduga, don haka lokacin ba wani mai tsawo ba ne. Na ɗauko uwar maƙerar a kaina, nauyinta na neman tura wuyana cikin ƙirji, 'ya'yan Kawu suna bakin rumfa suna cewa a yi wa ɗan haye hanya.

Sauran kayan kuwa, babu ko ɗaya da na shiga kasuwa na saya, don ba ni da abin sayen, kuma ko ina da shi ba a kasa su a faifai a lokacin. Mahaucin garinmu na je wa batun fatar zuga. Ya ce in jira sai ya sami akuyoyi biyu masu kai ɗaya, ya yi musu fiɗar salka, wato a zare fatar ba a tsaga ciki ba. Na yi ta sintiri a mahauta har ya fara ce mini angulu. Da fatun suka samu, baduku ya jeme su ya ɗinke, ya ce ladansa shi ne duk wuƙar da na ƙera a wurinsa za a yi mata kube. Bututun da iska ke bi ta shiga wuta, wata gwaggona maginiyar tukwane ce ta gina mini da ƙasar shuri, na farko ya fashe a rana, ta zage ni tas kamar ni na fasa, ta sake wani. Kututturen da na kafa uwar a kai, mutum huɗu muka gangaro da shi daga bakin rafi. Gawayi kuwa sai na ƙirya, ita ce mai wutar da ba ta saurin mutuwa, na shiga daji na tono busassun saiwoyinta na binne na turara da kaina. Masaba da awartaki a rumfar Kawu na ƙera su da nasa awartakin, don haka ake yi, ba a ƙera na farko sai da na wani. Rumfar kanta abokaina ne suka yi mini gayya suka kafa a jikin zanan gidana, amarya ta dama musu fura. Ranar da aka fara hura wuta, duk wanda na duba a wurin akwai hannunsa a cikin wani abu, kowa kuma yana jin maƙerar tasa ce. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, haka manya suka ce, ni kuwa na gani da idona.

Mai zuga ma samunsa na yi a sama. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, Baba Tanko, wanda idonsa ya mutu tun ina yaro, zaman gida ya ishe shi. Ya laluba ya zo ya zauna ya ce, "Ba ni nan, ai zuga ba ta bukatar ido." Ya kama fatun nan kamar da su aka haife shi. Saura ƙarfe, kuma nan ne gizo yake saƙa. Ƙarfen da Kawu ke aiki da shi, guntayen garemani da bakin durom, na 'ya'yansa ne, ban isa in roƙa ba. Sai wani direban motar auduga, ɗan garinmu, ya jefo mini karyayyen sifirin ɗin motarsa, wato dogon ƙarfen nan da ke tallafe da nauyin mota, a ƙofar rumfa, ya ce, "Ga shi nan, in ka iya da shi. Wuƙa ɗaya nake so ta yankan rake." Na yi murna kamar an ba ni doki. Ƙarfe ne mai tauri, yana gajiyar da dantse, amma in ya miƙe sai ka ga wuƙa tana sheƙi tun ba a wasa ta ba.

To a gidanmu in an gama ƙera wuƙa sai a shayar da ita, a mayar da ita wuta ta yi ja, a tsoma a ruwan kasko don bakinta ya yi tauri. Haka Kawu ke yi, haka ubansa ya yi, ban taɓa jin an ce akwai wata hanya ba. Na ƙera ta farko, na ji daɗin ganinta, na tsoma. Ruwa ya yi cuu. Baba Tanko ya saki zuga ya karkata kai ya ce, "Ɗana, ta yi ƙas." Na ce ban ji komai ba, Baba. Ya ce, "Kai kana da ido, shi ya sa. Duba bakinta." Na ɗaga ta a rana, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta ratsa ta. Na buga ta a kututture ta rabe biyu. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Na canza ruwa, na ɗebo na rijiyar masallaci, na sa gishiri, na sa toka, wani ya ce in tofa Ƙulhuwallahu na tofa. In kuma na ƙi shayar da ita, sai ta fito lagwani, mahauci ya gwada a ƙashi bakinta ya lanƙwashe, ya miƙo mini ya ce in kai wa mata su yanka kuɓewa. Na kasa zuwa wurin Kawu, don na san abin da zai ce, ƙarfen mota ba ƙarfen ƙira ba ne, shi bai taɓa taɓa shi ba. Sifirin na ta raguwa, watan layya ya tsaya, aka fara shigo da raguna gari. Na daina cin abinci sosai. Har na je na tambayi wani abokina ko ɗakin da suke kwana a Funtuwa zai ɗauki mutum ɗaya.

Mata ba sa shiga rumfar ƙira a wurinmu, amma zana ba ya hana jin magana. Amaryata a lokacin sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, gyaɗar gayaunarta ce ta soya ta kai niƙa ta matse, ta tara man a wata tukunya, tana jiran kasuwar ƙarshe kafin Salla a sayar mata ta yi zane, sallarta ta farko a gidan miji. Wata ranar da hantsi, Baba Tanko ya sake cewa ta yi ƙas, na yi jifa da awartaki na zauna na dafe kai. Sai na ji muryarta ta bayan zana.

"Malam, wai me ke fashewa ne kullum?"

Na ce, "Ba ruwanki, aikin maza ne."

Ta ce, "Yo ai shi ne na ga mazan sun iya." Baba Tanko ya ƙyalƙyale da dariya. Ta ce, "Ni dai ko kaskon suyata in ya yi zafi ba na zuba masa ruwan sanyi, tsagewa yake yi. Gigita shi ake yi."

Na ce cikin fushi, "To me kike zuba masa?"

Ta ce, "Mai mana."

Na yi tsaki. Baba Tanko bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, ƙarfen nan nawa ya rage?" Na ce na wuƙa biyu, in an matsa uku. Ya ce, "To ruwa dai ya ci rabonsa." Ban ce a kawo ba, Allah ya sani, don na san abin da man nan yake nufi a wurinta. Ina nan zaune sai na ga ƙasan zana ya ɗaga, tukunya ta turo kai, cike, har da ɗan murfin faifai a kanta. Na ce ta mayar, in ƙarfe ya shiga ciki ba mai sayensa kuma. Ta ce, "In ka tafi Funtuwa wa zan ɗaura wa zanen?" Ta saki zanan ta koma bakin murhunta.

Na ƙera wuƙar a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Da ta yi ja na ce bismilla na nutsa ta a tukunyar. Wuta ta tashi a kan man, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, gari gaba ɗaya ya ɗauki ƙanshin suya har wata tsohuwa ta leƙo tana tambaya ko suna ake yi. Ni ba ta hayaƙin nake ba, fuskar Baba Tanko nake kallo. Ya karkata kai, ya daɗe, ya daɗe, sannan ya ce, "Shiru." Na ɗora ta a gefen garwashi ta ɗan huce zafin ranta har bakin ya yi launin busasshen kara, na wasa ta a dutse, na sa mata ƙotar marke. Man kuwa ya yi baƙi ƙirin. Ranar Salla da tsohon zanenta na tarewa ta yi kwalliya, matan gida suna tambayarta ina sabo, tana ce musu yana wurin maɗinki. Jikana a baƙin man mota yake tsoma tasa, galan guda aka ba shi kyauta a gareji, yana aiki sarai, sai dai wari.

Ran jajibiri da la'asar sakaliya sai ga Kawu, yana jan jakinsa da mangala a kai, da gaske ya zo. Mutane suka fara taruwa, mahauci da baduku da direban nan, har gwaggona ta tsaya daga nesa da hannu a ƙugu. Na miƙa masa wuƙar da hannu biyu. Ya karɓa ya juya ta. Ya miƙa hannu ya kamo dantsen mahauci, don nasa ba gashi, ya shafa bakin wuƙar, gashi ya zube. Ya sa aka kawo busasshen ƙashin saniya, ya ɗora a kututture ya sara, ya sake sara, ya ƙara, da ƙarfin da na san so yake ta karye a nan gabansa ba a hannun mai layya ba. Ya ɗaga ta a rana ya bi bakin da babban yatsa. Ya sake kamo ɗaya dantsen mahaucin, gashi ya sake zubewa. Mahauci ya ce, "Haba Sarkin Ƙira, ka bar mini na Salla mana." Kawu bai kula shi ba. Sai ya kai wuƙar hancinsa ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya dube ni, ya dubi baƙar tukunyar da ke gefe, ya dubi zana.

Ya ce, "Wannan wuƙa ƙuli-ƙuli take ƙanshi. Dabarar wa ce?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ta cikin gida ce, Kawu."

Ya jinjina kai. Ya miƙa wa mahauci wuƙar da hannunsa. Sannan ya juya ya gyara mangalar jakinsa, ya kama, ya haye abinsa, ya juya kan jakin zuwa gida, uwar maƙera tana nan kafe inda take. Sai da ya zo daidai zanan ya tsayar da jakin ya ɗaga murya ya ce, "Amarya, in an sake matsar mai a ajiye mini kwalba guda. Kuma kada a gaya wa 'ya'yana." Sai dariya ta ɓarke a bayan zanan, irin wadda mutum ya toshe baki da gefen zane ta ƙi tsayawa, tana yi tana shaƙewa, har mu da ke waje muka kama.

Ban je Funtuwa dako ba. Na doki uwar nan har ƙarfina ya ƙare, da ita na ciyar da 'ya'ya na aurar da su. Har Kawu ya koma ga Allah bai ce ya ba ni ita ba, ni ma ban tambaya ba, da hannuna ya fara rawa na sa aka mayar da ita gidansa, don aro aro ne. Baba Tanko da mahauci da gwaggo duk sun tafi, Allah ya jiƙansu. Amaryar tawa ma ta riga ni, damina ta zagayo sau da yawa tun da muka kai ta, kuma kewarta ba ta rage komai ba, ƙaruwa ma take yi. A unguwar nan da muke akwai wata mai suyar ƙuli-ƙuli, ban san ta ba, ban san ko gidan wa take ba. In iska ta kaɗo ƙanshin da hantsi nakan bar abin da nake yi in kasa kunne, kamar wani sakarai, ina jira a yi dariya. Gidajen yanzu duk bulo ne, ko an yi ba a ji.